KARAN MASALLACI: ƘARAMIN TSIRO MAI AJIYAR RUWA

A Bilma ruwan saman shekara guda bai kai milimeta 20 ba. Ayarin gishiri in ya taso daga Kalala, ya bi ta Fashi, sai ya yi kwanaki cikin Tenere bai ga ɗanyen haki ba. Sai an gangara kudu, wajen Damagaram da Katsina da Kano, matafiyi zai ga wani ɗan tsiro a jikin duwatsu, kore shar, ko da tsakiyar rani. Shi ne karan masallaci.

Tsawonsa bai cika wuce kamu biyu ba. Yana fitowa cunkus, kara da yawa a gindi guda. Kowane kara kusurwa huɗu gare shi, da ƴan haƙora a gefe. Ganyensa ƙanana ne ƙwarai, ba su daɗewa suke zubewa. Ruwan da ya sha da damina cikin karan yake ajiye shi, kamar salka. Ƙofofin numfashinsa da dare suke buɗewa, da rana su rufe, don kada zafi ya ƙwace ruwan.

Furensa ɗan ƙarami ne, ja mai duhu, mai baki biyar kamar tauraro. Ƙudaje ke yi masa barbara. Ƴaƴansa kamar ƙaho biyu suke. In sun fashe iri ya fito da gashi, iska ta ɗauke shi. Nan ake gane ɗan'uwan tumfafiya ne.

Masana suna kiran danginsa Caralluma. Ana samunsu a Afirka, da ƙasar Larabawa, har Indiya. Namu kuwa daga Senegal har Sudan yake. A 1912 aka raɗa masa sunan Dalziel, wani likita Bature da ya yi aiki a arewacin Najeriya, wanda ya buga littafin sunayen itatuwa na Hausa a 1916.

Mutane suna dasa shi a gida, masu magani suna ba da shi don ciwon ciki da sanyin ƙashi. Amma a yi hattara: cikin danginsa akwai mai dafi, kuma sun yi kama. Mara lafiya ya fara zuwa asibiti.

Mai ɗiba kuma kada ya tumɓuke shi da saiwa. Ya yanki kara guda, ya bar gindin. Karan nan in ya sha iska kwana biyu aka kafa shi cikin rairayi, sai ya kama.