Dusar ƙanƙara a duwatsun Turai da farashin mai a Abijan

'Yan'uwa, a kowace shekara idan watan Oktoba ya shiga, sai a fara jin labarin dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsun Alps na Faransa da Suwizalan da Italiya, wani lokaci tun kafin lokacinta. Mutumin da ke zaune a Arras ko Treichville zai iya cewa ina ruwansa da sanyin Turai, shi da hunturunsa bai wuce 'yar ƙura da hazon Disamba da Janairu ba. Sai dai kuɗin da yake biyan gbaka daga Adjamé yana da alaƙa da wancan sanyi, kuma ya dace mu san yadda abin yake.

Abu na farko, ba duk mai ne sanyi ke taɓawa daidai ba. Gidaje da yawa a Turai da arewa maso gabashin Amurka suna ɗumama ɗakunansu da wani mai da yake ɗan'uwan dizal ne, wanda direbobinmu ke kira gazuwal. Daga sashe ɗaya na ɗanyen mai ake tace su. Idan sanyi ya zo da wuri, masu gidaje kan ruga su cika tankunansu a lokaci guda, buƙata ta ƙaru, farashin gazuwal ya tashi a kasuwar duniya. Shi kuwa fetur, sau da yawa sauka yake yi a wannan lokaci, domin a Amurka an fi yawan tafiye-tafiye da mota a lokacin zafi, kuma daga tsakiyar Satumba ana barin matatu su haɗa fetur ɗin sanyi da ƙarin butan, wanda ya fi araha.

Sanyi mai tsanani kuma yana iya tsayar da matatun kansu. A watan Fabrairun 2021 guguwar sanyi ta afka wa jihar Texas, wutar lantarki ta ɗauke, manyan matatu suka rufe na kwanaki, farashin fetur ya tashi.

To ta yaya wannan ke iso mana? Kwaddibuwa tana da matatarta a Vridi, wato SIR, da aka kafa a 1962. Amma mafi yawan ɗanyen man da take tacewa sayo shi take yi, musamman daga Najeriya, kuma da dalar Amurka ake ciniki. Kuɗinmu na sefa an ɗaure shi da yuro: yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957. Ke nan idan dala ta yi ƙarfi a kan yuro, mai zai yi mana tsada ko da farashin ganga bai motsa ba. Rijiyar Baleine da kamfanin Eni ya gano a 2021, ta kuma fara aiki a 2023, ta ƙara wa ƙasa arziki, amma shi ma wannan man da farashin duniya ake kimanta shi.

Abin da ya bambanta mu da Amurka shi ne, a can farashi kan sauya kusan kullum, kuma kowane gidan mai da nasa. A nan gwamnati ce ke sanar da farashi wata-wata, kuma iri ɗaya ne daga Abijan har Korhogo. Idan kasuwar duniya ta yi zafi, gwamnati kan rage harajinta a kan lita domin ta sassauta wa jama'a. Mun ga haka a 2022. Bayan Rasha ta shiga Ukraine a Fabrairu, ganga ta haura dala 120. Litar fetur da ke sefa 615 a farkon shekarar ta yi ta hawa daki-daki har ta kai 875 a Oktoban 2023. Gazuwal kuwa an riƙe shi a 615 na watanni, domin da shi manyan motocin abinci da gbaka da bas-bas na SOTRA ke aiki, sannan daga baya ya kai 715. A Afrilun 2025 aka ɗan sassauta, fetur ya koma 855.

Wannan ya nuna cewa sanyin Turai dalili ɗaya ne cikin dalilai. Yaƙi, da shawarar ƙasashen OPEC kan yawan man da za su haƙo, da ƙarfin dala, sukan fi shi nauyi. Kuma tasirinsa ba ya isowa nan take, sai ya bi ta lissafin wata.

Saboda haka idan aka ji jita-jitar za a ƙara kuɗin mai, a jira sanarwar hukuma ta farkon wata. Ajiye fetur a jarkoki cikin gidajen haya masu cunkoso irin na Adjamé haɗari ne babba, balle a lokacin hunturu da iska ta bushe, gobara ke saurin yaɗuwa. 'Yan kasuwa kuma su ji tsoron Allah, kada su ƙara wa buhun shinkafa kuɗi da sunan tsadar mai alhali gazuwal bai motsa ba. Allah Ya sawwaƙe mana al'amuranmu.