Takardar kaziye: ina ake rubuta hukuncin laifuka, kuma wa ke da ikon gani?

Duk wanda ya taɓa haɗa takardun neman aikin gwamnati a Nijar ya ji an ce masa: "Kawo kaziye." Ana neman ta wajen shiga aikin soja, ko jandarma, ko ɗan sanda, ko malanta. Ana neman ta wajen yin rajistar kasuwanci, da wajen neman izinin shiga waɗansu ƙasashe. Mutane da yawa ba su san abin da takardar ta ƙunsa ba. Waɗansu kan ji tsoron ta. Waɗansu kuma suna zaton ana iya zuwa a duba ta maƙwabci. Ga bayanin yadda abin yake.

Mene ne kaziye?

Kalmar daga Faransanci take. A kan takardar za ka ga an rubuta "Casier judiciaire". Ma'anarta ita ce ma'ajiyar da kotu ke tara hukuncin da aka yanke wa mutum. Nijar ta gāji wannan tsari daga Faransa, kuma ta sa shi cikin dokokinta na shekarar 1961, shekara ɗaya bayan samun ƴancin kai. An yi wa dokokin gyare-gyare daga baya, misali a shekarar 2003.

Dokar hukunta laifuka ta 1961 ta kasa laifuka gida uku. Akwai ƙananan laifuka, waɗanda hukuncinsu tara ce ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba. Akwai matsakaita, kamar sata da zamba da cin amana, waɗanda ɗaurinsu ya wuce kwana 30 amma bai kai shekara 10 ba. Akwai kuma manyan laifuka, kamar kisan kai da fyaɗe, waɗanda ɗaurinsu ke farawa daga shekara 10. Matsakaita da manyan su ne suka fi shafar kaziye.

Ina ake ajiye shi?

Wannan shi ne abin da ya fi rikita mutane. Ba a ajiye kaziyen mutum a garin da yake zaune, ko a garin da aka yi masa shari'a. Ana ajiye shi a ofishin magatakardan kotun da ke da iko da wurin da aka haife shi.

Ga misali. An haifi mutum a wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Ya girma, ya tafi bida Agadas, a can ya yi laifi, a can aka yanke masa hukunci. Idan hukuncin ya tabbata, babu sauran ɗaukaka ƙara, magatakardan kotun Agadas zai cika wani ɗan kati, ya aika da shi kotun da ke da iko da ƙauyen haihuwar mutumin. A can za a ajiye katin ƙarƙashin sunansa. Dalilin yin haka a fili yake: mutum yana canza mazauni sau da yawa, amma wurin haihuwarsa ɗaya ne. Waɗanda aka haifa a wata ƙasa kuwa, nasu kaziyen yana Yamai.

Akwai manyan kotuna a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Birnin Ƙonni, Doso, Tilaberi, Difa, Agadas da Arlit. Akwai kuma ƙananan kotuna a gundumomi. Dubi takardar haihuwarka, ka ga garin da aka rubuta. Daga nan ne za ka fara tambaya.

Takardu uku, kowace da mai ita

Daga ma'ajiya ɗaya ake fitar da takardu iri uku.

Lamba 1 ta ƙunshi dukan abin da aka rubuta a kan mutum. Alƙalai kaɗai ake ba ita. Da ita ne alƙali ke sanin ko wanda ke gabansa ya taɓa yin laifi a baya.

Lamba 2 an rage mata waɗansu abubuwa. Ana ba da ita ga hukumomin gwamnati da doka ta ambata, kamar hukumar soja. Ba a damƙa ta a hannun mutum.

Lamba 3 ita ce wadda muka sani. A kanta an rubuta "Bulletin n° 3". Tana nuna hukuncin ɗauri ne kawai a kan babban laifi ko matsakaici. Mai ita kaɗai ake ba. Idan babu kome a kan mutum, za ka ga kalmar "Néant", wato babu, ko kuma layi da aka ja ya ratsa fankon takardar. Ya kamata kowane mai koyon karatu ya iya gane wannan kalma da idonsa.

Abin da ba ya fitowa a lamba 3

Kamun ƴan sanda ko jandarma ba hukunci ba ne. Wanda aka tsare kwana biyu aka sake shi, babu abin da za a rubuta masa. Wanda aka kai gaban alƙali aka wanke shi, shi ma haka. Rigimar gona, ko ta aure, ko ta bashi, wadda aka sasanta gaban mai gari ko sarki, ba ta shiga kaziye. Hukuncin da alƙali ya jingine, wato ya yanke ɗauri amma ya ce ba za a zartar ba sai in mutum ya sake laifi, ba ya fitowa a lamba 3 muddin ba a janye jinginar ba. Saboda haka kada tsoro ya hana kowa neman takardarsa.

Yadda za ka sami taka

1. Ka tanadi takardar haihuwarka da katin shaidarka na ɗan ƙasa. Wanda ba a yi masa takarda ba lokacin haihuwa, sai ya fara neman hukuncin alƙali da ke maye gurbinta. Ba tare da ita ba, ba za a san inda za a duba ba.

2. Ka tafi ofishin magatakarda a kotun wurin haihuwarka. Wanda ke nesa yana iya rubuta takardar roƙo da sunansa da sa hannunsa zuwa ga babban magatakarda.

3. Ka tambayi kuɗin da doka ta yanka a bakin ma'aikacin kotu. Ka biya a ofis, ba a ƙofar gida ba. Ka yi hankali da ƴan kamasho masu cewa za su gaggauta maka.

4. Kafin ka fita, ka karanta takardar. Ka duba sunanka, sunan mahaifinka da na mahaifiyarka, ranar haihuwa da wurinta. Su zama daidai da na takardar haihuwa, harafi da harafi. Ka duba sa hannu da hatimi da kwanan wata.

5. Ka lura da lokaci. Galibin ma'aikatu ba su karɓar kaziyen da ya wuce wata 3. Idan ka karɓa da wuri ƙwarai, zai tsufa a hannunka. Idan ka jira sai ranar rufe karɓar takardu ta matso, tafiya daga Yamai zuwa Magarya da dawowa na iya sa ka rasa aikin.

Ina iya ganin na wani?

A'a. Mahaifin da ke son sanin halin mai neman ƴarsa ba zai sami kaziyen saurayin a kotu ba. Mai shago da ke son ɗaukar yaro ko mai gadi, shi ma ba za a ba shi ba. Hanya ɗaya ce: ya roƙi mutumin ya karɓo takardarsa da kansa, ya nuna masa. Wanda ya yi ƙaryar suna ko ƙaryar matsayi don ya karɓi kaziyen wani ya aikata laifi, kuma ana hukunta shi.

Wannan ba ya nufin ana ɓoye shari'a. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, sai fa inda doka ko alƙali suka sa a rufe ƙofa, kamar shari'ar yara. Wanda aka cuta, ya kuma shiga shari'ar don neman diyya, yana da damar neman kofin hukuncin a wurin magatakardan kotun da ta yi shari'ar. Abin da doka ta hana shi ne tone tarihin mutum gaba ɗaya ba da saninsa ba. Wanda ya gama zaman kaso ya biya bashinsa, kuma yana bukatar ya sami abin yi, ya ciyar da iyalinsa.

Mu kuma sani cewa farar takarda ba shaidar hali ba ce. Tana nuna abin da kotu ta yanke ne kawai. Binciken dattawa a unguwa da wurin sana'a yana nan da amfaninsa.

Idan an rubuta maka abin da ba naka ba

Hakan na faruwa. Sunaye irin namu suna kama da juna, kuma wani mai laifi kan ba da sunan ɗan uwansa lokacin da aka kama shi. Idan ka ga hukuncin da ba naka ba, kada ka goge, kada ka yaga takardar. Ka kai kuka a rubuce wurin alƙali mai shigar da ƙara, tare da takardar haihuwarka. Kotu ce kaɗai ke da ikon gyarawa.

Shin rubutun yana gogewa?

Yana gogewa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce dokar afuwa ta gaba ɗaya, wadda ke shafe laifin kansa. Ta biyu ita ce maido da mutunci: bayan mutum ya gama hukuncinsa, ya biya tara da diyya, ya kuma yi waɗansu shekaru bai sake laifi ba, yana iya roƙon kotu ta wanke masa takarda. Amma sassaucin da shugaban ƙasa ke yi wa ƴan kaso dabam yake. Yana rage kwanakin ɗauri, ba ya goge rubutun.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman shawara a hukumar ƙasa mai ba da agajin shari'a, wadda aka kafa da dokar shekarar 2011. A tambayi ofishinta a babbar kotun jiha. Matambayi ba ya ɓata.

Abin riƙewa

Kaziyenka yana kotun wurin haihuwarka. Kai kaɗai ake ba lamba 3. Kamu ba hukunci ba ne. Ka karanta takardarka kafin ka bar ofis, ka kuma miƙa ta kafin ta cika wata 3.