ABINCIN ZAMANI DA HAƘORAN ƊAN ADAM

A ƙauyukan Gobir da Adar da Damagaram ana tarar da tsoho mai shekara 70 yana gaigayar goruba, yana tauna aya da kilishi. Jikansa na birni kuwa, tun yana ɗan makaranta ake kwana ba barci saboda ciwon haƙori. Ana cewa tsutsa ce. Likitoci sun ce ba wata tsutsa cikin haƙori: abinci ne ya sake.

Muƙamuƙi sai da aiki

Babban mutum yana da haƙora 32. Girman kowane haƙori gado ne, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Amma ƙashin muƙamuƙi kamar damtsen manomi yake: aiki ne ke gina shi. Yaron da ya tashi yana tauna abu mai tauri, muƙamuƙinsa yakan yi faɗi, haƙora su sami wurin zama. Wanda ya tashi da abinci mai laushi, ƙashin ba ya kai iyakarsa, sai haƙora su cunkushe, wani ya hau wani, turamen ƙarshe su rasa hanyar fita.

A shekara ta 2004 wani masani na jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Lieberman, ya jarraba wannan a kan ƴaƴan rema. Waɗansu ya ba su ɗanyen abinci mai tauri, waɗansu dafaffe. Masu cin dafaffe, ƙashin muƙamuƙinsu bai girma kamar na ƴan'uwansu ba.

Canjin ya somo ne tun sa'ad da mutane suka fara noma, shekaru kamar dubu 10 da suka wuce, suka koma ga tuwo da kunu. Zamani ya zo ya ƙarasa: injin niƙa ya maye gurbin turmi da dutse, burodi da taliya da farar shinkafa suka cika akushi. Ba a ce mutanen da ba su da matsala ba, domin tsakuwar dutsen niƙa takan cinye haƙoransu. Sai dai ruɓa ba ta yi musu yawa haka ba.

Sukari

Cikin bakin kowa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. In sun sami sukari sai su mai da shi ruwa mai tsami, shi kuma ya dinga zaizayar bayan haƙori har rami ya buɗe. Yawu yana gyara ɓarnar, in an ba shi lokaci. Amma wanda ya karya da shayi mai madarar gwangwani, ya tsotsi alawa da hantsi, ya sha lemun kwalba da rana, ya yi hira da shayi hawa uku da dare, bai bar wa yawu sarari ba.

Tarihi ya ba da shaida. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, sukari ya yi wuya a ƙasashen Norwai da Japan, ruɓar haƙoran yara ta ragu. Da yaƙi ya ƙare, sukari ya komo, ita ma ta komo.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan dubu 3 da rabi suna fama da cututtukan baki. Tun 2015 ta ba da shawara kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya kai kimanin giram 50, wato ƙwaya 10 na sukarin kwali. Rabin haka ya fi. Lemun gwangwani guda yana iya ƙunsar ƙwaya 7. Kuma ɓarnar ba ta tsaya a baki ba: yawan zaƙi yana kawo ƙiba, ƙiba kuma tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini. Wanda turamensa suka zube ba ya iya cin nama ko gujiya, sai tsufa ya same shi ba ƙarfi.

Abin da ya kamata

Likitocin haƙori kaɗan ne a Nijar, galibinsu a manyan birane, kuma haƙorin babba in an cire ba ya sake tsirowa. Saboda haka maganin yana gida. Iyaye su rage wa yara alawa da biskit. In yaro ya isa tauna, a bar shi da rake da karas da nama, kada kullum a dama masa. A goge baki safe da dare, da asawaki ko buroshi da man haƙora. In rami ya bayyana, a je likita tun bai kumbura ba, kada a cusa masa gishiri ko garin ƙwaya.

Malaman makaranta da na yaƙi da jahilci da ma'aikatan lafiya, su ne za su kai wannan magana gida-gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, muƙamuƙi ma tun ana yaro yake ginuwa.