Jitar Bes Marar Ƙarafa: Aikin Ya Koma Kan Kunne

Wanda ya taɓa duba jita da kyau zai ga wasu siraran ƙarafa da aka kakkafa a gicciye a jikin wuyanta. Idan makaɗi ya danne tsirkiya, ƙarfen da ke gaban yatsansa ne ke tsayar da ita, shi ke yanke tsawon da zai yi rawa, tsawon nan kuwa shi ke fitar da sauti. A jitar bes, wadda ke ba kiɗa kakkaurar muryarsa ta ƙasa, tsawon tsirkiya yawanci inci 34 ne, wato kimanin santimita 86. Ƙarfe na farko yana kusan santimita 5 daga kan wuyan, tazarar tana ta raguwa, na 12 ya faɗo daidai tsakiyar tsirkiya. Lokacin da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Amurka a 1951, waɗannan ƙarafa na cikin manyan abin da ya jawo masa kasuwa, domin babbar bes ta tsaye da ake kaɗawa kafin nan ba ta da su, sai wanda ya daɗe yana horon hannu ke iya fitar da sauti daidai a kanta.

To me zai sa mutum ya cire abin da aka sa don a sauƙaƙa masa? Bill Wyman na ƙungiyar Rolling Stones ya ciccire na wata jitarsa mai araha a 1961, kamfanin Ampeg kuma ya fara sayar da marar ƙarafa a 1966. Amma wanda ya sa duniya ta waiwayo shi ne Jaco Pastorius. Ya ɗauki Fender Jazz Bass ƙirar 1962, ya zazzare ƙarafan, ya cike ramukan, sannan ya shafe wuyan da wani gam mai tauri irin na jiragen ruwa. Wanda ya saurari faifansa na 1976, ko aikinsa da ƙungiyar Weather Report da mawaƙiya Joni Mitchell, zai ji abin da ya sauya. Tsirkiyar da yatsa ya danne kan katako ba ta buɗe da ƙarar ƙarfe. Sautin yakan fito a hankali, ya kumbura, ya yi wani gunji mai kama da muryar mutum, saboda tsirkiyar tana ɗan gogar katakon yayin da take rawa. Ga kuma zamiya: makaɗi na iya jan yatsa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da an ji tsani-tsani ba. Hujjata ke nan, cewa cire ƙarafa ciniki ne, an ba da tabbas an karɓi murya, kuma a wasu waƙoƙin cinikin yana da riba.

Sai dai kuɗin da ake biya ba kaɗan ba ne. A jita mai ƙarafa, ko ina yatsa ya faɗa tsakanin ƙarfe biyu sauti ɗaya zai fito. A marar ƙarafa dole yatsa ya sauka daidai inda ƙarfen zai kasance, kuma can ƙasan wuya, inda tazara ta matse, kaucewar milimita biyu ko uku ta isa a ji an karkace. Gwani yakan sauke yatsa, ya saurara, ya ɗan mirgina shi gaba ko baya kafin mai sauraro ya farga. Wasu jitocin ana zana musu layuka a gurbin ƙarafan, wasu kuwa wuyan sumul yake. Akwai masu raina mai layi, raini marar tushe, tunda ta Pastorius kanta tana da alamun ramukan da aka cike. Layi dai yana kai ido kusa da wurin, kunne ne ke ƙarasa aikin, shi ya sa dandalin da ƙarar ganguna ta hana makaɗi jin kansa yake zame masa bala'i.

Masu suka sukan ce wannan komawa baya ne, matsalar da Fender ya magance ce ake sake tonowa. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Kaɗa sautuka uku ko huɗu lokaci guda yana da wuyar daidaitawa, salon marin tsirkiya da babban yatsa yana rasa kaifin ƙarar da ƙarfe ke ba shi, tsirkiya mai kaushi kuma tana cin katako har ta yi masa kwari, sai an sa katako mai tauri ko an koma tsirkiya mai santsi. Inda suka yi kuskure shi ne ɗaukar ƙarafa a matsayin cikakken daidaito. An jera su ne bisa tsarin Turawa da ya raba zango, wato tazarar sauti daga cikakkiyar tsirkiya zuwa rabinta, zuwa gida 12 daidai wa daida, tsarin kuwa sulhu ne: wasu sautukan da ake haɗawa suna ɗan haurawa sama da inda kunne ya fi jin daɗinsu. Mai marar ƙarafa yana iya saukowa ya haɗu da muryar mawaƙi a inda take. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin goge da kukuma da garaya da kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya kaɗa duk babu mai ƙarfe a wuya, haka ma ud ɗin Larabawa da ke fitar da sautukan da ke tsakanin gidajen nan 12.

Kasuwa ma ta karɓa. Pino Palladino ya kaɗa marar ƙarafa a waƙar Paul Young ta 1983 da ta kai matsayi na ɗaya a Birtaniya, Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu kuma ita ya riƙe a faifan Graceland na Paul Simon a 1986, wanda aka sayar da miliyoyinsa. Sai dai Palladino daga baya ya fi karkata ga Precision mai ƙarafa lokacin da ya shiga aiki da mawaƙi D'Angelo, saboda kiɗan yana neman gajeren sauti mai nauyi da ke zama daram tare da ganga.