An Rufe Rami, Guba Na Nan: Abin da Tsohon Haƙar Zinariya Ya Bar wa Kogunan Asante

Duk lokacin da aka yi maganar gurɓatar ruwa a Ghana, galamsey ne ke fara zuwa bakin jama'a, saboda kowa na ganin yadda kogunan Ofin da Pra suka koma kamar kunu. Amma akwai wata ɓarna da ta girmi galamsey na yau, wadda ido ba ya gani, ita ce gubar ƙarafa da tsohon haƙar zinariya ya bari a ƙasan ruwa.

Mu ɗauki Obuasi, mai nisan kusan kilomita 60 kudu da Kumasi. Tun shekarar 1897 kamfanin Ashanti Goldfields ya fara aiki a can. Zinariyar wurin tana haɗe ne da wani dutse mai ɗauke da gubar asenik, kuma an yi shekaru da dama ana gasa wannan dutse don a raba shi da zinariyar. Hayaƙin ya sauka a gonaki, sauran ƙasar da aka tace kuwa aka tara ta tsibi-tsibi. Idan iska da ruwan sama suka taɓa irin wannan ƙasa, sai ta fitar da ruwa mai tsami wanda ke narkar da ƙarafa ya kwashe su zuwa rafuka irin su Kwabrafo da Jimi, daga nan zuwa Ofin, Ofin kuma ya faɗa Pra har teku a Shama. An daina gasa dutsen, amma asenik ba ya ruɓewa kamar shara.

Ta biyu ita ce zaiba, wadda masu ƙaramin haƙa ke kama zinariya da ita tun kafin dokar 1989 ta halatta sana'arsu. Zaiba tana nutsewa cikin laka, inda wasu ƙananan halittu ke mayar da ita wani nau'i mafi haɗari. Tsutsotsi da ƙwarin ruwa su ci, ƙaramin kifi ya cinye su, babban kifi ya cinye ƙarami, kowane mataki gubar na ƙara taruwa. A inda ƙarafa suka yi yawa, ƙwarin da kifi ke ci su ne ke fara ɓacewa, ƙwan kifi ya ƙi ƙyanƙyashewa, sai a ga rafi garau amma babu rai a ciki. Sannan duk injin da ya shiga kogi yau yana tono tsohuwar laka, yana tayar da gubar da ta kwanta.

To, ina ruwanmu a Sofoline? Ruwan famfonmu daga madatsun Owabi da Barekese yake zuwa, kuma Barekese yana kan Ofin ne can sama, kafin kogin ya kai yankin Obuasi da Dunkwa. Sai dai kifi da kayan lambu suna hawa mota, kuma 'yan'uwanmu da yawa na zango suna neman abinci a garuruwan haƙa. Ya kamata mu sani cewa tafasa ruwa ba ya cire asenik, banda kuma ba ta cire zaiba daga jikin kifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada asenik ya wuce mikrogram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha. Zaiba kuwa ta fi yi wa ƙwaƙwalwar jariri a ciki illa, kamar yadda aka gani a Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a 2010.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu mata su riƙa tambayar inda kifi ya fito, masu juna biyu da ƙananan yara kuma su guji manyan kifayen kogunan da ake haƙa. Ghana ta amince da yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2017. Muna roƙon hukumar kare muhalli ta riƙa auna laka da kifi, ba ruwa kawai ba, ta kuma sanar da sakamakon a gidajen rediyo cikin Hausa da Twi, sarakunan zango da limamai su isar da shi ga jama'a. Allah Ya kyauta.