Ƙarfen da ke karya kayan aikin maƙeran bindiga

Wani abin mamaki game da ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda ake yin cokula da wuƙaƙe da shi, shi ne wurin binciken bindiga aka gano shi. A shekarar 1913 ne Harry Brearley, wani masanin ƙarafa a birnin Sheffield na ƙasar Ingila, ya narka ƙarfe mai ɗauke da sinadarin kuromiyam kusan kashi 13 cikin 100, yana neman maganin zaizayewar da bututun bindiga ke yi. Masu ƙera wuƙaƙen birnin su suka fara cin moriyarsa. Sai a shekarar 1965 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da ƙaramar bindigarsa Model 60, wadda aka ƙera da wannan ƙarfe.

To, amma ƙarfen da mafarauta ke so saboda ruwa da raɓa ba sa cinsa, shi ne ke ba maƙeran bindiga wahala. Wani aiki da aka saba kai musu a Amurka shi ne ɗora madubin hangen nesa a kan bindigar farauta. Galibi ramuka huɗu ake hudawa a jikin bindigar, sa'an nan a yanka musu tiredi, wato zanen nan da noti ke bi idan ana ɗaure shi. Notin da aka fi amfani da shi kaurinsa milimita 3.5 ne kacal, kuma yana da zane 48 a kowane inci.

A wajen hujin ake fara samun matsala. Wasu nau'o'in ƙarfen, idan tsinken huji ya yi ta gugar su ba tare da ya yanka ba, sai wurin ya ƙara tauri nan take. Ga shi kuma ƙarfen ba ya saurin fitar da zafi, saboda haka zafin kan taru a bakin tsinken har ya dakushe shi. Ke nan mai ɗari-ɗari da hannu shi ya fi shan wuya. Ƙwararru kan rage gudun inji, su danna da ƙarfi ba tsayawa, da tsinke mai kaifi wanda aka haɗa da kobalt, suna zuba man yanka mai ɗauke da farar wuta. Ba duka nau'o'in ke da wannan gardama ba; wanda ake kira 416, da aka fi yin bututu da shi, tun a masana'anta ake sa masa farar wuta don ya yi sauƙin yanka.

Yanka tiredi ya fi hatsari. Abin yankan siriri ne, yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. Akan murɗa shi kaɗan, a dawo da shi baya don ɓarɓashi ya fita, a sake. Idan ya karye a ciki, tsinken huji na yau da kullum ba ya iya cinsa, wani lokaci sai an kai ga injin da ke cinye ƙarfe da tartsatsin lantarki.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin aiki ba. A dokar Amurka, wannan sashe na jikin bindiga mai ɗauke da lambar shaida shi ne ake ɗauka a matsayin bindigar kanta. Wanda aka lalata wa shi, idan zai sayi wani sabo, sai ya bi ƙa'idojin sayen sabuwar bindiga.