Ɗalibar Jinya da Ɗan Agaji a Bakin Kwalta

A ce mota ta kife a Kwanar Ɗangora, kan hanyar Kano zuwa Zariya. Motar da ke biye ta tsaya, cikin fasinjojinta akwai ɗalibar aikin jinya 'yar aji uku, akwai kuma ɗan agaji, irin masu kakin nan da muke gani a filin Idi da wurin tafsiri. Wanne ne zai fi amfanar wanda ke kwance cikin jini?

In dai ilimi ne, ba a haɗa su. Ɗalibar ta san cewa wanda ya yi shiru ake fara dubawa kafin mai ihu, tunda mai ihu yana numfashi. Ta san in ƙashin wuya ya karye, jan mutum ta ƙafa na iya tsinka laka, ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. Ta san ba a ɗura wa mai rauni ruwa, kada ya shaƙe, kuma wataƙila tiyata ke jiransa. In numfashi ya ɗauke, ta haddace ƙa'ida: danna ƙirji sau 30, hura iska sau 2, dannawa 100 zuwa 120 a minti.

Sai dai duk wannan ta koye shi ne inda akwai gado da safar hannu da bandeji, malama na tsaye a kanta. Mutum-mutumin da ta yi gwaji da shi ba ya zubar da jini, ba shi da uwar da za ta rungume shi tana kururuwa. A bakin kwalta kuwa ga warin fetur, ga taron jama'a, kowa ya zama likita. Wannan na kwara wa wanda ya suma fiya wata, wancan na ɗaukar bidiyo. Yarinya 'yar shekara ashirin ta ce wa dattijo, "Baba, don Allah kada a ɗaga shi haka." Wa zai saurare ta? Ga kuma fargaba: ba ta da lasisi tukuna, in mutum ya cika a hannunta me za ta ce wa 'yan sanda?

Ɗan agaji karatunsa gajere ne, amma ya saba da taro. Usur ɗaya da "ku ja baya!" sai fili ya samu. Jini ba ya sa hannunsa rawa. Inda yakan yi ɓarna shi ne garaje, a naɗe mai karayar baya a cusa shi cikin adaidaita sahu.

Ni dai in na faɗi, hannun ɗalibar nake so a wuyana, muryar ɗan agajin a kan taron. Kuma abin da ta rasa ya fi sauƙin koyarwa.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na kan titunanmu tun 1988, lambarta ta gaggawa 122. Makarantun jinya su nemi haɗin gwiwa da ita da Red Cross, a fitar da ɗalibai tsakar rana, a tara musu hayaniya, a miƙa musu ɗankwali a ce su tsayar da jini da shi, tun kafin su karɓi takardar kammalawa.